Babi na Shida: Idon Bakwaini da Idon Dattijo

Tsakanin 1942 da 1953, jarirai kimanin dubu 10 suka makance a faɗin duniya ta wata hanya da likitoci ba su saba gani ba. Mafi yawansu a Amurka suke, a manyan asibitocin da suka fi ko'ina kayan aiki. Dukansu bakwaini ne, dukansu sun yi kwanaki a kwalba. Iyaye su ɗauki ɗansu su tafi gida suna murna ya tsallake, bayan 'yan watanni uwa ta lura yaro ba ya bin fuskarta da ido. Theodore Terry, likitan ido a Boston, shi ya fara rubuta bayanin cutar a 1942, bayan ya ga wani farin tantani ya toshe bayan madubin cikin idon wani jariri. Mawaƙin nan Stevie Wonder, da aka haifa a jihar Michigan a 1950 saura makonni shida cikinsa ya cika, yana cikin yaran wancan zamani.

An zargi hasken ɗaki, an zargi bitamin. Sai a 1951 Kate Campbell, likitar yara a Melbourne ta Ostareliya, ta lura cewa inda ake sakar wa jarirai iskar oksijin ba awo an fi samun makafi a kan inda ake tsimin ta. Arnall Patz ya gwada maganar a Washington, sannan wani babban gwaji a asibitoci 18 na Amurka ya tabbatar da ita a tsakiyar shekarun 1950. Daga nan aka kafa ka'ida kada oksijin ta wuce kashi 40 cikin ɗari na iskar da jariri ke shaƙa. Makanta ta ragu ƙwarai, amma an gudu ne ba a tsira ba: jarirai suka riƙa mutuwa, wasu suka rayu da lalurar ƙwaƙwalwa. A 1973 Kenneth Cross na Birtaniya ya ƙiyasta cewa jarirai 16 aka rasa a kan kowane ɗaya da aka tsare wa ido. Har yau wannan ma'aunin bai sauya ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan jarirai kusan dubu 5 a wajejen 2010 sun nuna cewa waɗanda aka riƙe awon oksijin na jininsu tsakanin 85 da 89 sun fi tsira daga ciwon idon, amma sun fi mutuwa a kan waɗanda aka riƙe tsakanin 91 da 95. Shi ya sa yawancin ɗakunan jarirai suka tsaya a kan na biyun, suka yarda cewa ciwon idon zai zo, sai dai a tare shi.

Kafin mutum ya gane yadda iska ke makantar da jariri, sai ya san yadda ido ke ginuwa a ciki. A can ƙuryar ido akwai siririn tantani mai ɗaukar haske, wanda likitoci ke kira retina. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi suna fara tsirowa daga tsakiya tun ciki yana mako na 16, suna yaɗuwa a hankali zuwa gefe, ba sa kai ƙarshe sai dab da mako na 40. Jaririn da ya fito a mako na 28 ya fito ne aiki bai kammala ba. A mahaifa oksijin kaɗan yake samu, kuma wannan ƙarancin ne ke sa tantanin ya riƙa fitar da wani sinadari, VEGF, mai kiran jijiyoyi su ci gaba da tsiro. Da an cika masa jini da oksijin a kwalba sai kiran ya ɗauke, jijiyoyin su tsaya cak. Makonni su wuce, yaro ya ƙara girma, gefen tantanin da bai samu jijiya ba ya shiga yunwa, ya saki sinadarin fiye da kima. Sai jijiyoyi su tsiro barkatai, marasa ƙwari, suna zubar da jini suna barin tabo. Tabon ya tsuke, ya janyo tantanin ya ɓamɓaro shi daga bangon ido. In ya ɓamɓaru gaba ɗaya, wanda shi ne mataki na biyar kuma na ƙarshe, da wuya tiyata ta dawo da gani mai amfani.

A mafi yawan jarirai cutar kan tsaya a matakan farko ta koma da kanta. Kaɗan take wucewa da su, amma su waɗannan da gudu take tafiya. Daga ranar da likita ya ga alamun da ke neman magani, ka'ida ita ce a yi aikin cikin awa 48 zuwa 72. Kuma babu abin da uwa za ta gani daga waje. Ido ba ya ja, ba ya ruwa, ba ya kwantsa.

An daɗe ana cewa ciwon bai shafi Afirka ba. Abin da ke faruwa shi ne jariran da zai kama ba sa rayuwa su kai lokacinsa. Yanzu suna rayuwa. Clare Gilbert ta Landan ta shafe shekaru tana jan hankali kan abin da ake kira annoba ta uku ta wannan ciwo, wadda ta bi Latin Amurka da Gabashin Turai da Indiya a daidai lokacin da ɗakunan jarirai suka yawaita a can. An ƙiyasta cewa a 2010 kaɗai jarirai 184,700 suka kamu a duniya, kimanin dubu 20 daga cikinsu suka makance ko ganinsu ya lalace ƙwarai. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, bakwaini miliyan 13.4 aka haifa a 2020, kuma Najeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan. A ɗakunan jarirai da dama na ƙasashenmu, iska daga tukunya take zuwa hancin yaro tsantsarta, babu na'urar da ke gauraya ta da iskar ɗaki, na'urar awon oksijin kuma guda ce ake zagayawa da ita. A irin wannan hali cutar kan kama har jariran da suka ɗan yi ƙwari. Birtaniya tana duba waɗanda aka haifa kafin mako na 31 ko waɗanda nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Indiya kuwa ta faɗaɗa zuwa mako na 34 da kilo biyu, kuma halinmu ya fi kama da nata.

Dubawar farko kan faɗo ne wajen kwana 30 da haihuwa. Wanda ya san gidajenmu ya san inda mai jego take a wannan lokaci. In an riga an sallame su, tana cikin wankan jego, wataƙila ma ta tafi wankan gida wani gari, kuma ba mai son a fita da ɗan tsiton jariri kafin arba'in. "Ai ya rayu, alhamdu lillahi, a bar shi ya yi ƙwari tukuna." Magana ce ta ƙauna, amma a makonnin nan ne ido ke tafiya.

Maganin da aka fara tabbatarwa, a 1988, shi ne daskarar da gefen tantanin da sanyi daga wajen ido, kuma ya rage mummunan sakamako da kusan rabi. Daga baya hasken lesa ya maye gurbinsa, a 2003 kuma wani gwaji ya nuna ribar yin aikin da wuri. Dabarar iri ɗaya ce da ta manomin da ke ƙone kewayen gonarsa da gangan don kada gobarar daji ta iso amfanin: a ƙone gefen da ke kiran jijiyoyin banza, a tsirar da tsakiya inda gani yake. Likita na sanye da fitila a goshi, hannu ɗaya da madubi, ɗaya da ɗan ƙarfen da yake juya ƙwayar idon, yana ɗiga ƙuna ɗaya bayan ɗaya, sau dubu ko fiye a kowane ido. Idanu biyu kan ci awa guda, wani lokaci har biyu. Duk tsawon lokacin nan ana so jariri ya kwanta bai motsa ba.

Nan maganar sa barci ta shigo, kuma a ganina nan ne wuyar aikin take. Likitan ido zai iya koyon lesa cikin watanni. Samun wanda zai riƙe numfashin yaro mai kilo ɗaya da 'yan kai na tsawon awa biyu, ya kuma mayar wa uwarsa shi lafiya, shi ne abin da asibitoci da yawa suka rasa.

Akwai tarihi mai ɗaci a bayan wannan magana. Har tsakiyar shekarun 1980, likitoci da dama sun yi imani cewa jariri sabon haihuwa ba ya jin zafi yadda babba ke ji, kuma maganin barci ya fi zafin haɗari a gare shi. A 1985, a Washington, an buɗe ƙirjin wani bakwaini mai suna Jeffrey Lawson don gyara wata jijiyar kusa da zuciya, ba a ba shi komai ba sai maganin da ke sandarar da jiki ya hana motsi. Yana farke, ba halin kuka. Ya rasu bayan makonni biyar. Mahaifiyarsa, Jill Lawson, da ta gano abin da ya faru, ta kai maganar gaban jaridu ta ƙi yin shiru. A 1987 Kanwaljeet Anand da abokan aikinsa a Oxford suka buga sakamakon gwajin da ya nuna cewa bakwainin da aka ƙara wa fentanil lokacin tiyata jikinsu bai firgita kamar na sauran ba, kuma sun fi samun sauƙi bayan aiki. A shekarar ce ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa ƙanƙantar jariri ba hujja ba ce ta hana shi maganin zafi. Ban kawo wannan don a tsine wa likitocin da ba. Tsoronsu yana da tushe, kuma tushen yana nan har yau.

Bakwaini kan manta ya yi numfashi, don cibiyar da ke kula da hakan a ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna ba. Maganin barci yana ƙara wannan mantuwa, kuma haɗarin ba ya gushewa sai yaro ya kai wajen mako 60 in aka haɗa da zaman ciki. Don haka ko an gama aiki lafiya, sai an sa masa ido da na'ura ya kwana, sau da yawa tare da maganin kafin, sinadarin nan na kofi da goro, wanda ke zaburar da numfashi. Jariran da ciwon idon ya fi tsananta a kansu kuma su ne waɗanda huhunsu ya fi wahala. Wani bai daɗe da rabuwa da na'urar numfashi ba, in aka mayar masa da bututu a maƙogwaro yana iya ɗaukar kwanaki kafin a sake raba su. Jikinsa na saurin yin sanyi, sukarin jininsa na saurin faɗuwa, jijiyar da za a sa masa ruwa sai an sha nema. Sannan ga wani abu da ido ya keɓanta da shi, wanda aka sani tun 1908: in aka danna ƙwayar ido ko aka ja ta, bugun zuciya kan sauka nan take. A aikin lesa kuwa dannawa da juyawa ake yi daga farko har ƙarshe.

Hanyoyin da ake bi sun bambanta daga asibiti zuwa asibiti, har a ƙasa guda. Wasu ɗakin tiyata suke kai yaro, a sa shi cikakken barci da bututu. Wasu ba sa motsa shi daga ɗakin jarirai. Likitan yara ne zai ba shi mofin ko fentanil, na'ura ta riƙe masa numfashi, likitan ido ya zo ya same shi a gadonsa. Wannan yana da fa'ida babba, don ma'aikatan da suka san yaron su ne a kansa, kuma an huta da jiran ɗakin tiyata ya samu sarari. Wasu kuma ketamin suke amfani da shi, wanda bai cika danne numfashi ba, don su kauce wa bututun, wani lokaci su haɗa da allurar kashe zafi a kewayen ƙwayar idon.

Saura hanya ta ƙarshe: a ɗiga maganin kashe zafi a ido, a ba yaro ruwan sukari a baki, a naɗe shi a zane, ma'aikaciyar jinya ta riƙe masa kai. Da gani za a ce ita ce mafi aminci tunda ba a sa shi barci ba. Wani bincike da aka yi a Manchester a 1997 ya nuna akasin haka: jariran da aka yi wa aiki da ɗigo kaɗai sun fi sauran shiga matsalar numfashi da ta zuciya, wasu har sai da aka yi musu taimakon gaggawa. Zafin kansa yana ɗauke numfashi. Ka'idar Birtaniya ta ce ɗigo kaɗai bai isa ba. Amma a Indiya, inda jariran suka fi ƙarfin masu sa barci, an yi wa dubbai aiki ta wannan hanya, kuma suna gani a yau. Ba zan zargi likitan da ke da awa 72, ba shi da mai sa barci, ya zaɓi ya ceci idon ba. Da babu gara ba daɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da larura ta zama tsari, a daina neman abin da ya fi. Ƙidayar da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna ƙasashen Afirka da yawa, har da Najeriya, ba su da ko likitan sa barci ɗaya ga kowane mutum dubu 100, alhali biyar ake nema a matsayin mafi ƙaranci. Duk asibitin da zai sayi injin lesa don jarirai, ya fara tambayar kansa wa zai tsaya a kan numfashin yaron.

A 2011 wata ƙofa ta buɗe. Wani gwaji a Amurka a kan jarirai 150, ƙarƙashin Helen Mintz-Hittner ta Texas, ya nuna cewa allurar bevacizumab a cikin ido, maganin da asali na ciwon daji ne, tana kashe kaifin VEGF ta kwantar da cutar, musamman in ta kama can kusa da tsakiya. A 2019 aka samu sakamako mai kyau da ɗan'uwansa ranibizumab. Allurar 'yan mintuna ce, ɗigo ya ishe ta, ba a buƙatar bututu. Ga asibitin da ba shi da mai sa barci, wannan kamar an sauke masa kaya ne. Sai dai kayan ba ƙasa aka ajiye shi ba, kan iyaye ya koma. A wancan gwajin, in cutar za ta dawo bayan lesa takan dawo wajen mako shida. Bayan allura kuwa sai wajen mako 16, lokacin da kowa ya saki jiki. Dole a riƙa kawo yaro dubawa a kai a kai na tsawon watanni. Maganin kuma yana ratsawa cikin jini, a jikin da huhu da ƙwaƙwalwa ke kan ginuwa. Saboda haka kafin likita ya zaɓa, sai ya san garin da iyayen suke, da kuɗin motar zuwa, da ko uban zai bari a yi ta sintiri. Ga iyalin da ba lalle su dawo ba, lesa da barcinta sau ɗaya na iya fin allura aminci.

"Likita, zai farka kuwa? Ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba?" Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. A Disambar 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan sa yara 'yan ƙasa da shekara uku barci na fiye da awa uku, ko sau da yawa. A 2019 kuma aka fitar da sakamakon gwajin da ya bi jarirai 722 da aka yi wa aikin gwaiwa: waɗanda suka yi barcin da bai kai awa guda ba, da suka cika shekara biyar, basirarsu ba ta bambanta da ta waɗanda aka kashe wa rabin jiki kawai ba. Aikin lesa na iya fin haka tsawo, jariransa kuma sun fi rauni, amma abin da ke ɗaya gefen sikelin makanta ce ta har abada. Kuma a gidajenmu uba ba ya sa hannu shi kaɗai. Sai ya ji ta bakin mahaifinsa, sai an gaya wa dangin uwa. Awa 72 ba ta isa wannan shawara. Tun ranar dubawar farko ya kamata a fara yi wa iyaye bayani, tun ba a san ko za a kai ga aikin ba.

Yaran da suka tsallake wannan mataki ba a gama da su ba. Da yawa za su buƙaci tabarau, wasu kuma, ko bayan shekaru, sukan gamu da cutar da muka fi sani a idon manya, wato gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido.

Ido yana samar da wani ruwa garai-garai a gabansa, yana kuma tsiyayar da shi ta wasu ƙananan magudanai. In magudanan suka cushe, matsi ya taru, jijiyar gani da ke ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan guda zuwa ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa kaɗan-kaɗan. Gefen gani ke fara tafiya, tsakiya ta rage, shi ya sa dattijo zai ce maka, "Ni fa garau nake gani," alhali ya soma karo da mutane a kasuwa. Ba kamar yanar ido ba, wadda ake cire ta gani ya dawo, abin da gilakoma ta ci ya tafi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, a kan mutum fiye da dubu 13 masu shekara 40 zuwa sama, ya sa ta a matsayi na biyu cikin masu makantarwa, bayan yana. Fatima Kyari da abokan aikinta sun nuna daga alƙaluman cewa mutum biyar cikin ɗari na ɗauke da ita, ɗaya cikin biyar na masu ita ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai shida cikin ɗari ba.

Mai jin wannan zai ce to a auna kowa mana. Matsalar tana ga awon. An saba cewa matsin ido lafiyayye yana tsakanin 10 da 21, amma 21 ɗin lissafi ne kawai na inda yawancin jama'a suka tsaya. A binciken Baltimore na Amurka, wajen rabin masu cutar awonsu na farko bai wuce 21 ba. A wani gwajin da aka buga a 2002, cikin masu matsi sama da ka'ida da ba a ba su magani ba, ƙasa da ɗaya cikin goma ne suka kamu cikin shekara biyar. Kaurin fatar gaban ido ma yana ruɗin na'ura, kuma tamu ta baƙar fata ta fi siranta, don haka awo kan fito ƙasa da gaskiya. Shi ya sa har yau Birtaniya ba ta amince a tara kowa da kowa a auna ba, kwamitin rigakafi na Amurka ma a 2022 ya ce hujja ba ta isa ba.

Ingila ta ɗanɗana abin da dogaro da lamba ke jawowa. A 2009 hukumar NICE mai tsara ka'idojin lafiya ta fitar da ka'idar kula da gilakoma, sai ƙungiyar masu awon ido, don kare 'ya'yanta daga shari'a, ta shawarce su su tura duk wanda awonsa ya wuce 21 zuwa asibiti, ko da komai nasa lafiya. Yawancin shagunan tabarau na amfani ne da na'urar nan mai hura iska a ido, wadda ko mutum ya ƙifta ko ya ɗaure numfashi lambar na iya hawa. Asibitoci suka cika da masu lafiya, da yawa a zuwan farko ake sallamarsu, masu cutar na gaske kuma ana ta ɗaga musu ranar dawowa. A 2017 aka mayar da iyakar 24, aka ce a sake awo kafin a tura, a kuma duba jijiyar da faɗin gani. Duk da haka, a Janairun 2020 hukumar binciken lafiyar marasa lafiya ta Ingila ta ba da labarin wata mata mai shekara 34 da ta rasa ganinta bayan jinkirin wata 13, ta kuma kawo ƙiyasin cewa mutum 22 ke rasa gani duk wata saboda jinkirin ganin likita.

Tamu matsalar ta fi wannan muni, ko da yake jinsinsu ɗaya. Ana yawan shirya aikin ido kyauta a garuruwanmu, kuma alheri ne: a raba tabarau, a cire yana. Amma wanda aka ga alamar gilakoma a idonsa, sau da yawa kwalbar ɗigon ido na timolol guda ake miƙa masa a ce, "Baba, sai ka je babban asibiti." Wane asibitin, wace rana, wurin wa, nawa zai tanada, ba a faɗa ba. Kwalba ta ƙare cikin wata guda, ido bai yi ciwo ba, gani bai ƙaru ba, sai ya ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba. Mohammed Abdull ya yi nazarin wannan a asibitin koyarwa na Bauchi, ya ga yawancin masu cutar ba sa zuwa sai ta yi nisa ƙwarai, kuma kaɗan ne ke yarda da tiyata. Dalilinsu ba wauta ba ce. Maƙwabcinsa an cire masa yana ya dawo yana karatun Alƙur'ani, shi kuwa ana ce masa za a yanka idon da yake lallaɓawa da shi, kuma ganin ba zai ƙaru ba. In ba a zauna an fahimtar da shi cewa ragowar ake son tsarewa ba, ba zai dawo ba. Akwai hanya ta tsakiya da ta fara ba da fata: a Moshi ta Tanzaniya, gwajin da aka buga a 2021 ya nuna wata sassauƙar lesa da ake yi wa magudanan ido a zaune cikin mintuna ta riƙe matsi a kashi 61 cikin ɗari na idanu bayan shekara guda, timolol kuwa kashi 31.

Akwai waɗanda ba sa jiran layi ko kaɗan. Wanda idonsa ya yi ja farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da amai, yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, a ranar ake son likitan ido ya gan shi. Jaririn da idonsa ke ta ruwa, yana gudun haske, baƙin idon ya yi girma har ana yaba masa dara-daran idanu, mai yiwuwa gilakomar haihuwa ce, kuma tiyata ce maganinta. Sai yaran da ake saya wa ɗigon ƙaiƙayin ido mai sitiroyid a kemis, ana ɗiga musu wata da watanni. Wannan ɗigon da kansa yana tayar da matsin ido.

In ana neman inda awo zai fi biyan wahalarsa, gidan mai cutar ne. Binciken Rotterdam na 1998 ya nuna cewa 'yan'uwa na jini da 'ya'yan mai gilakoma haɗarinsu a tsawon rayuwa ya kai kashi 22 cikin ɗari, na sauran jama'a kuwa wajen kashi biyu. A gidan da mutum ke da 'yan'uwa goma da 'ya'ya goma sha, majinyaci ɗaya da aka tabbatar ƙofa ce zuwa mutane da yawa da ba su san komai ba tukuna, kuma shi suke jin maganarsa fiye da ta lasifikar mota. Takardar da za a ba shi, shi da su, ta ɗauki awon kowane ido da na'urar da aka yi shi da ita, da yadda aka ga jijiyar, da sunan asibitin da ake da tabbacin akwai likitan gilakoma, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ce ko asibitin koyarwa mafi kusa, da ranar zuwa. Wanda ya rubuta ta kuma ya ajiye lambar wayar ɗa ko ƙanen majinyacin, bayan mako biyu ya kira ya ji ko sun je.